Murhu a Bayan Ɗakin Mata

Cikin duk ranakun da na yi ina aikin jinya, wadda ta ƙi barin raina ita ce ranar da na leƙa ta taga na ga hayaƙi yana tashi a bayan ɗakin mata. A nan Madina ne, farkon shekarun 1980, bayan alhazai sun watse gari ya yi sauƙi. Ku 'yan matan yanzu, da in na yi muku Hausa sai ku amsa mini da Larabci, na san za ku ce me ya kawo murhu cikin mustashfa, wato asibiti. To ku yi haƙuri in fara mayar da ku gida, inda na koyi aikin. In ba haka ba za ku ɗauka tsohon da ya hura wutar taɓin hankali gare shi, alhali ya fi yawancinmu natsuwa.

Ni a asibitin mishan na koyi jinya, na 'yan Katolika, can arewacin Nijeriya. Ba asibiti ɗaya ba ne. Akwai babba a cikin gari, inda likita yake da ɗakin tiyata da makarantarmu. Sannan akwai ƙanana warwatse cikin ƙauyuka, wani ɗakin haihuwa ne kawai, wani ɗakin shan magani mai dispensa guda, wani kuma na masu cutar kuturta can bayan gari. Duka coci ce ke riƙe da su, kuma ba don riba aka kafa su ba, abin da ya shigo magani da bandeji yake komawa. Mota guda ce ke zagaya su, ta sauke magani, ta kwaso wanda ciwonsa ya fi ƙarfin ƙauye ta kawo shi babban asibiti. Mu ɗalibai ma haka ake juya mu, 'yan watanni nan, 'yan watanni can. Da zan fara, gwaggona ta yi ta kuka wai za a mayar da ni Kirista. Har na gama ba wanda ya ce mini kanzil a kan sallata, ɗakin ajiyar zannuwa ma aka bar mini nake shimfiɗa darduma.

Shugabar masu jinya wata Baturiya ce mai zaman zuhudu, irin waɗanda ba sa aure, mutane suna ce mata Sista Mai-tabarau. Ga faɗa, ga Hausa a karkace, amma ban taɓa ganin wadda ta san marar lafiya kamarta ba. Dokarta ta farko ita ce ba a kwantar da kowa sai da mai jinyarsa daga gida. Asibitin ba shi da kicin ɗin da zai ciyar da jama'a, mu ma'aikata kuma ba mu da yawa. Saboda haka a bayan kowane ɗakin kwanciya, a babban asibiti da ƙananan duka, akwai rumfar kwano da murhuna a jere. Nan dangi ke girki, nan suke wanki, su shimfiɗa tabarma kusa da gadon nasu. Sista takan tara su ta yi musu karatu, wannan a riƙa juya shi kada bayansa ya yi gyambo, wancan kada a ba shi mai. Wanda ya yi sakaci kuwa a gaban kowa za ta wanke shi tas.

A nan na san Baba Tanko da matarsa Inna Asabe. Manomi ne daga ɗaya daga cikin ƙauyukan da motarmu ke bi. 'Ya'yansu duk sun rasu tun suna ƙanana. Inna ciwon zuciya ke damunta, ƙafafu su kumbura, numfashi ya yi mata wuya. Ranar da aka fara kawo ta, aka tambaya wa zai yi jinya, sai Baba ya ce shi. Matan rumfa suka yi ta dariya a ɓoye, wai dattijo da gemunsa durƙushe yana hura wuta. Tukunyar farko ma ƙonewa ta yi ƙurmus.

Sista da kanta ta tsuguna ta koya masa. Kunun gero, ba kanwa, ba gishiri. Miyar kabewa ba gishiri. A ba ta kaɗan-kaɗan, da ɗuminsa, sau da yawa a wuni. Ina tsaye ina riƙe da tire ta nuna shi da yatsa ta ce, "Tanko, ƙwaya tawa kaɗan ce. Kai ne magani. In wani ya sa gishiri, ta mutu."

Baba ya ce, "Na ji, Sista."

Ya kuwa ji. Shekaru suka yi suna zuwa, duk lokacin da jiki ya tashi motar ta ɗauko su, shi da tukunyarsa da ludayinsa a ƙulle cikin tsumma. Tun daga ranar Inna ba ta ƙara cin abincin hannun wani ba, ko a gida, ko a gidan biki. Likita da kansa ya sha cewa bai yi zaton za ta kai haka ba.

Ƙarshen shekarun 1970 na yi aure na taho nan. Maigidana haifaffen Madina ne, kakanninsa ne suka zo Hajji a ƙafa suka zauna. Na samu aiki a asibitin gwamnati, ɗakin mata, matsayin mumarrida, wato nas. A samanmu akwai ra'isa, shugabar ɗaki, wata 'yar Masar da muke kira Abla Su'ad, a samanta likitoci, sai mudir, shugaban asibitin gaba ɗaya. Tsarin nan ya sha bamban da wanda na sani. Abinci daga kicin yake zuwa a tire. Dangi ba sa shiga sai lokacin ziyara, bayan la'asar, in an kaɗa ƙararrawa kowa ya fice. Abincin waje mamnu', an hana. Ba zan yi muku ƙarya ba, tsarin ya burge ni. Ba hayaƙi, ba kukan yara a ƙarƙashin gado, ba wanda zai ɗaure akuya a jikin taga. Har nakan ce wa maigidana ashe da can wahala muke sha.

Wata safiya ina bin gadaje ina gwada zafin jiki, sai na ji an kama mini hannun riga.

"Hadiza ce? Hadiza ta wajen Sista?"

Na duba, Inna Asabe. Ta rame daga sama, ƙafafun kuwa sun kumbura kamar turmi. Na zauna bakin gadon muka gaisa, ni hawaye ita hawaye. Ta ba ni labari a guntu-guntu saboda numfashi. Sun zo Hajji ne ba su koma ba. Ita ce ta roƙi Malam, haka take kiran mijinta, ta ce tunda ba ɗa ba jika, tana so ta ƙarasa kwananta kusa da Manzon Allah. Suna zaune a wani ɗan ɗaki a unguwar Ƙiblatain cikin mutanenmu, Baba yana taya masu dabino tsinta da ƙulli. Izinin zamansu ya daɗe da ƙarewa. Ita dai an karɓe ta ne saboda a some aka kawo ta, kuma wanda ke kwance ba a tashinsa don takarda.

Tirenta na safe yana gefe, ko buɗewa ba a yi ba. Na je na samu likita na yi masa bayani, ya ba da umarni a daina sa mata gishiri. Kicin suka bi umarni, suka aiko farar shinkafa da dafaffiyar kaza. Ta dube su ta kawar da kai.

Na ce, "Inna, ba gishiri a ciki, ni na tsaya aka zuba."

Ta ce, "Allah ya yi miki albarka. Bari dai Malam ya zo."

Ba taurin kai ba ne. Ta yi imani har cikin ranta cewa abincin da bai fito daga tukunyar mijinta ba ajalinta ne, kuma shekarun da ta yi a raye ne shaidarta. Da me zan ƙaryata ta? Ina wurin Sista ta faɗa.

Da la'asar Baba ya zo da kwanon kunu naɗe cikin rawani. Mai gadin ƙofa, Usmanu, Bahaushen Sudan ne, mutumin kirki, amma ya tare shi. "Ya Hajj, mamnu'. Wallahi in na bar ka da kwanon nan, ni za a kora." Baba ya ajiye kwanon a bakin ƙofa ya shigo hannu biyu. Washegari ni na karɓa na ɓoye cikin mayafina na shigar. To amma daga Ƙiblatain zuwa asibiti tafiya ce, kunun ya huce ya daskare. Ta kurɓa, ya dawo.

A barandar ɗakin Baba ya ja ni gefe. "Malama, na zagaya ban gani ba. Ina rumfar take?"

"Wace rumfa, Baba?"

"Ta masu jinya."

Na ce masa nan babu. Ya kalle ni kamar na ce masa an gina gida ba ƙofa.

"To masu jinyar a ina suke kwana?"

"Babu su, Baba. Mu ne masu jinyar."

"Ku nawa ne, su nawa ne?" in ji shi. "Wa zai zauna ya ba ta kaɗan-kaɗan?"

Na tafi wajen Abla Su'ad na roƙe ta a bar shi ya zama murafiƙ, mai zama da marar lafiya, tunda akan yarda da haka in ciwo ya yi tsanani. Ta ce akan yarda, amma mace, kuma mai takarda. "Namiji a ɗakin mata? Mustahil, ba zai yiwu ba, ya Hadiza. Ko ni na yarda, mazan sauran ba za su yarda ba." Na koma na gaya wa Baba. Na ce ya ba ni kwana biyu, zan riƙa damawa a gidana in zo da shi a fulas, ko Inna za ta karɓa tunda ni da shi malamarmu ɗaya, Sista. Na kuma ja masa kunne, na ce mutumin da ba shi da iƙama, wato takardar zama, ba ya yin abin da zai sa a dube shi sau biyu. Ya ce, "To, Malama." Ya leƙa ɗakin, ya ga tiren rana ma yana nan a rufe, sannan aka kaɗa ƙararrawa ya fita.

Kashegari da hantsi ina canza wa wata mata ƙarin ruwa sai na ji ƙauri. Na leƙa taga, ga hayaƙi. A bayan ɗakinmu akwai wani ɗan lungu, kuma a lungun ne ake ajiye silindojin oksijin, iskar da ake sa wa masu numfashi da ƙyar, cikin kejin ƙarfe. Duk wanda ya yi mako guda a asibiti ya san ko sigari ba a kunnawa a wurin. Baba bai sani ba. Ya bi motar shara ta ƙofar baya ya shigo, ya nemo duwatsu uku, ya karya busasshen reshen dabino, ya ɗora tukunyarsa daidai ƙarƙashin tagar matarsa. A wajensa bayan ɗakin kwanciya wurin girki ne, haka ya gani a kowane asibitin da ya taɓa shiga a rayuwarsa.

Na yar da abin da ke hannuna na sauka a guje, amma Abla ta riga ni gani, ta riga ta ƙwala ihu. Kafin in isa masu gadi sun watsa wutar da ƙafa, sun zuba mata yashi, tukunyar ta kife. Baba yana tsugune riƙe da ludayi yana cewa, "Ya kusa, bayin Allah. Ku bari ya yi kauri, ya kusa." Ba mai jin abin da yake faɗa sai ni da Usmanu.

Ƙa'ida ce in an samu wuta a asibiti sai an kira 'yan sanda. Suka zo, ni aka sa na yi tafinta. Babbansu ba mugu ba ne. Na ba shi labarin tun daga farko, har ya girgiza kai ya ce la haula. Sannan ya miƙa hannu ya ce, "Fen al-iƙama?" Ina takardar zama. Ban fassara ba, Baba ma bai buƙaci fassara ba. Na roƙi mutumin nan da Allah da Annabi, na ce matarsa tana sama tana mutuwa. Ya ce da wuta ce kaɗai da faɗa zai yi masa ya sallame shi, amma an riga an tara jama'a, abin ya fita hannunsa. Sai jawazat, ofishin shige da fice, daga can Jidda, daga Jidda gida.

Da za a sa shi a mota ya waiwayo. Na ɗauka zai ce in nemo masa wani babba, ko in kwaso masa kayansa.

"Malama, ki tace gasarar sosai, ba ta son tsaki. Kada ki manta ba kanwa. Ki hura mata kafin ki ba ta." Sai ya ƙara da cewa, "Kada ki gaya mata tukuna."

Ya miƙo mini ludayin, aka rufe ƙofa.

Na yi kwanaki ban gaida Abla Su'ad ba. Ita ce ta tare ni a ɗakin magani. Ta ce, "Kina fushi da ni. Ki ƙirga matan da ke kwance a saman silindojin nan, sannan ki gaya mini abin da ya kamata in yi." Gaskiya ta faɗa, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai. Da ta yi zalunci da na samu wanda zan tsana in huce. Maigidana ya bar aikinsa ya bi sawun Baba har jawazat, aka ce an wuce da su Jidda. Ya hau mota ya je Jidda, ya wuni a bakin ƙofa, aka ce masa rukuninsu ya riga ya tashi.

Ni kuwa na shiga dama kunu. Na tace kamar yadda ya ce, na zuba a fulas, na shigo da shi a fili. Usmanu ya duƙar da kai, Abla ta juya baya tana gyaran labule. Na hura na kai wa Inna baki. Ta kurɓa, ta riƙe mini wuyan hannu.

"Kin iya, 'yata. Ina Malam?"

Na ce kwanan nan an tsananta a ƙofa, ba a barin maza.

Ta ce, "Ranar nan na ji hayaƙinsa. Na ji muryarsa ma."

Na yi kamar ban ji ba, na sake cika ludayin. Takan karɓi kurɓi ɗaya ko biyu don kada in ji kunya, sai ta rufe baki. Likita ya ƙara allurar fitar da ruwa, aka sa mata oksijin, kumburin ya ci gaba da hawa har ciki. Kullum in la'asar ta yi sai ta ce in tada ta zaune, in juya ta ta fuskanci ƙofa. Mutane su shigo da lemo da yara, su cika ɗakin da hayaniya, a kaɗa ƙararrawa su fita, sannan ta ce in kwantar da ita. Na yi jinyar mutane da yawa, amma ban taɓa jin na tsani wani lokaci na wuni kamar yadda na tsani la'asar a kwanakin nan ba.

Wata rana ina gyara mata matashi ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Sun mayar da shi gida ko?"

Na kasa ƙarya. Na ce e.

Can ta ce, "Gidan wa zai sauka? Ai mun rabu da gonar, mun rabu da gidan. Ni na sa shi."

Na ce Allah ba zai bar shi ba, na faɗi duk abin da ake faɗa. Daga ranar ba ta ƙara cewa a tada ta zaune ba, kunun ma ta daina karɓa. Bayan 'yan kwanaki ta cika, ana tsakiyar ziyara, gadon da ke kusa da ita ana ta dariya da wata jaririya. Ni kaɗai ce a kanta, ni na laƙƙana mata kalmar shahada, ni na rufe mata ido.

An yi mata salla a Harami, aka kai ta maƙabartar Baƙi'a. Mutanenmu na Ƙiblatain suka yi ta cewa ta dace, abin da ta zo nema ta samu. Ban musa ba, kuma ina roƙa mata rahama har gobe. Amma duk wanda ya ce mini ta dace, sai in tashi in bar wurin.

Da Hajji ya zagayo na bi masaukan alhazan yankinmu ɗaya bayan ɗaya ina cigiya, ko akwai wanda zai kai wa Baba Tanko saƙon rasuwarta da baki. Wani ya ce mini ƙaramin asibitin ƙauyensu ya koma hannun gwamnati, Sistocin sun tafi, motar ma ta daina zagaye. Wani ya ce kamar ya taɓa jin sunan. Wata ta ce Tanko ai suna da yawa. Na ba kowa saƙon, na maimaita a shekarar da ta biyo, da wadda ta biyo bayanta, har na gaji.

Abin da na koya a wannan al'amari ba mai daɗi ba ne, kuma ba zan yi muku ado da shi ba. Mu ma'aikata mukan ɗauka marar lafiya da ciwonsa kawai yake shigowa. A'a, yana zuwa da duk abin da wani asibiti ya taɓa koya masa, da mutumin da ya saba riƙe masa kai, mu kuma sai mu karɓi ciwon mu bar sauran a bakin ƙofa. Sista ba ta yi kuskure ba, Abla ba ta yi ba, Usmanu da ɗan sandan ma aikinsu suka yi. Na daɗe ina neman inda zan ɗora laifin, ban samu ba. Tun daga lokacin, duk tsohuwar da aka kwantar a ɗakina, kafin in tambaye ta ina ke ciwo sai na tambaye ta wa ya kawo ta, kuma ina yake tsaye yanzu. Ku ma ku riƙa tambaya. Ba na ce zai canza wani abu ba, ni bai cika canza mini ba, sau da yawa sanin kawai nake yi in kwana da shi.

Har na ajiye aiki ban samu mutum ɗaya da ya ce mini ya ga Baba Tanko ya gaya masa ba. Iyakar sanina, ya bar Madina matarsa tana da rai, kuma ba wanda ya taɓa zuwa ya ce masa ya daina neman hanyar dawowa.